Ko Ya Kamata Yaro Ya Gyara Wa Babba?

Ya ku samari 'yan makaranta, musamman ku na ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, ga wata tambaya da za ta tarye ku a ƙofar gida ran da kuka koma hutu. In ka san abin da ubanka bai sani ba, ka kuwa ga rashin sanin nan zai cuce shi, me za ka yi? Ka yi shiru don kunya, ko ka faɗa don gaskiya?

Kada ku ɗauka wannan zancen cikin littafi ne kawai. Ƙasarku ƙasar noma ce, Maƙarfi da Kudan sun yi suna da rake da mazarƙwaila, Ikara kuwa da tumatir. A shekarar 1939 zuwa yanzu an buga nasihohi da yawa cikin jaridun Hausa, amma babu nasihar da ta kai abin da ido ya gani. A shekarar 2016 wata 'yar tsutsa, wadda masana ke kira Tuta absoluta, ta auka wa gonakin tumatir na Arewa, har cikin watan Mayu Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi shelar cewa abin ya zama annoba. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, ta ƙetaro Sifen a 2006, daga can ta yaɗu. Muguntarta ita ce ba ta zama a bayan ganye, sai ta huda ta shige cikinsa, ko cikin ɗan tumatirin, inda feshi ba ya isa sosai. In kuwa aka dinga fesa mata magani iri ɗaya, waɗanda suka tsira su ke haifar masu jurewa, har maganin ya zama kamar ruwa a gare su.

To, a ce kana tsaye bakin fadama, ubanka na haɗa magani. Ka karanta abin da ke rubuce a jikin kwalba, ka ga ma'aunin da aka faɗa. Shi kuwa tsoho, don zafin hasara, ya zuba ninki biyu, kamar yadda ya yi jiya da shekaranjiya. Kai ka san kuɗinsa ya ke zubarwa, yana kuma shaƙar guba. Ga ma'aikata uku suna kallo.

Hanya biyu ke da sauƙi a nan, dukkansu kuwa ba su ɓullewa. Ta fari, ka kame bakinka, ka ce wa zuciyarka ladabi ne. Amma tambayi kanka, wa ka ke karewa da shirun nan, shi ko kai? Sau da yawa abin da mu ke kira kunya tsoron faɗa ne kawai ya sa rigar ladabi. Kunyar kirki tana hana mutum aikata abin assha, ba ta sa shi ya zuba ido gidansu na cin wuta.

Ta biyu, ka buɗe baki gaban jama'a ka ce, "Ba haka a ke yi ba, mu a makaranta an koya mana." Gaskiya ka faɗa, amma ka kashe ta da hannunka. Dattijon da aka ƙaryata gaban barorinsa ba shi da sauran hanyar yarda sai ya zubar da girmansa, ba kuwa zai zubar ba. Zai ƙara zuba maganin, don a san shi ne mai gona. Wanda ya yi haka ba tumatir ya so cetowa ba, so ya ke a ce ya sani.

Wani zai ce, ai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa. Wannan magana tana da nauyi, kada ku raina ta. Takardar jikin kwalba ta san magani, amma ba ta san fadamar nan ba, ba ta san ran da iska ke juyawa ba, ba ta kuma san bashin da aka ci aka sayi iri ba. Tsohon ya san waɗannan duka. Saboda haka aikin farko ga mai son gyara shi ne ya tabbata lalle ya sani, ba zato ya ke yi ba. Na biyu, ya tambaya tun bai faɗa ba. Watakila akwai dalilin da bai gani ba, in kuwa babu, tambayar da kanta ta buɗe ƙofa.

Sa'an nan a zaɓi lokaci da wuri. Bari sai dare, an ci tuwo, ma'aikata sun watse. Ka durƙusa ka ce, "Baba, na ga wani rubutu a jikin kwalbar nan, bai yi daidai da yadda mu ke yi ba. Ko in karanta maka, ka ji yadda ka gani?" Ka bar hukunci a hannunsa. Ka roƙe shi a gwada a fangali ɗaya tak, a bar ido ya yi shaida. In bakinka ya yi ƙanƙanta, ari na wani: kawunka, ko amininsa, ko malamin gona. Ba lalle ba ne a san daga gare ka dabarar ta fito. In wannan ya yi maka ciwo, to, ka gane da ma yabo ka ke nema.

Ku dubi Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauchi. Cikin watan Agusta 1950 ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa, a Kaduna, ya kawo shawara a binciki yadda mulkin En'e ke tafiya, a gyara shi. Magana ce mai ɗaci ga manyan wancan zamani. Amma a zauren da ya dace ya faɗe ta, da hujja, ba da zagi ba, majalisa kuwa ta karɓa, aka yi binciken.

Saura tambaya guda. In ka bi duk wannan, tsoho ya ƙi fa? In hasarar ta dukiya ce, gonarsa ce, ka sauke nauyinka. Ka ci gaba da yi masa aiki da sakin fuska, in abin ya ɓaci kada ka ce, "Ai na faɗa." Amma in rai ne ke cikin haɗari, kamar a zuba ruwan sha cikin kwalbar da maganin ya ƙare, ko a tsinke tumatir a kai kasuwa kwanakin jira da aka rubuta ba su cika ba, nan babu shiru. Ka sake faɗa, ka sake, da ladabi, har a ji. Girman uba hakki ne a kanka, ran wanda zai ci tumatirin nan a Zariya ko Kano shi ma hakki ne.

Kun ga yadda a ke mazarƙwaila a garuruwanku: ruwan rake ɗaya ne, amma in wuta ta kasa ba ya daskarewa, in ta yi yawa ya ƙone. Mai dahuwa ba ya barin bakin kasko. Haka mai gaskiya ya kamata ya tsaya kan harshensa. Kafin hutun nan ya ƙare, kowa ya nemi abu ɗaya da zai koya daga tsohonsa, sa'an nan ya nemi abu ɗaya da zai ba shi. Allah ya sa ilminku ya amfani gidajenku, amin.