Wakilin Gona da Mai Haya Mai Wuyar Sha'ani

Akwai tambaya wadda sababbin masu bi su kan kawo wurin malamansu. Idan an danƙa wa mai bi riƙon gonar wani, shi kuwa ya ba da ita haya ga mutum wanda daga baya ya zama mai wuyar sha'ani, ko ya halatta ya hana shi gonar sa'anda shekara ta kewayo? Ko kuwa gafarar da aka koya mana ta ɗaure hannunsa, sai ya yi ta haƙuri har abada? Tambayar tana da nauyi, gama a gefe ɗaya akwai tuwon gidan mai haya, a ɗaya gefen kuwa akwai haƙƙin mai gona wanda ba ya kusa. Bari mu duba ta a natse.

1. Darajar gona a ƙasarmu

Ɗan'uwana mai karatu, ka san ƙasar da ke arewa da birnin Kano, wajen Dawakin Tofa, da Bichi, da Minjibir, da Ɗambatta. Gona tana manne da gona, gida yana hangen gida, daji kuwa ya ƙare tun zamanin kakanni. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a shekarar 1851, ya yaba albarkar ƙasar da yawan mutanenta. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya ƙara wa gona daraja. Tun daga lokacin mutane suna ta ƙaruwa, ana ta raba gado, ƙasa kuwa ba ta ƙaru da ko taki ɗaya ba.

Domin wannan gona a nan ba ta hutawa. Kowace damina a kan shuka mata gero da dawa da wake, abinda ke riƙe da ƙarfinta kuwa shi ne taki da a ke kai mata da rani, da itatuwa irin su gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina har gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Gonar da aka hana wa taki shekara uku ta kan gaji, wuta-wuta ta mamaye ta, wanda ya karɓe ta daga baya kuwa ya sha wahala kafin ta farfaɗo.

Mutanenmu suna da hanyoyi na ba da gona ga wanda ba tasa ba. Akwai aro, akwai haya ta shekara, akwai jingina, akwai kuma noma a raba amfani. Sau da yawa mai gona ba ya iya lura da ita da kansa: ko ya tafi neman abinci Legas, ko tsufa ya kama shi, ko kuwa gonar ta marayu ce waɗanda ba su isa noma ba tukuna. Sai a nemi amintaccen mutum a sa shi wakili. Idan aka zaɓe ka, kai mai bi, an girmama sunan da ka ke ɗauke da shi, an kuma ɗora maka kaya.

2. Wakili mai riƙon amana ne

Abu na fari da za ka riƙe shi ne, gonar ba taka ba ce. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 4, ya nuna cewa aminci shi ne abinda a ke bukata ga wakili. Daga nan amsar tambayarmu ta ke fitowa.

Idan mai haya ya zage ka a kasuwa, zagin naka ne, kana da ikon yafe shi, wajibi ne kuma ka yafe. Ubangijinmu Yesu, cikin Matta sura 18, ya ba da misalin bawan da aka yafe wa babban bashi, shi kuwa ya shaƙe ɗan'uwansa saboda ƙaramin bashi, ya kuma nuna mugun ƙarshensa. Amma idan mai haya ya sare gawon marayu ya sayar da itacen, ko ya riƙe kuɗin hayar da gwauruwa za ta sayi hatsi da shi, wannan hasara ta wasu ce. Ba a yin sadaka da kayan wani. Wakilin da ya rufe ido a kan irin wannan, yana cewa haƙuri ya ke yi, ya sayi sunan kirki ga kansa da abincin marayu.

Akwai kuma wani hatsari. Alƙalan ƙasarmu masu hukunci bisa mazhabar Malikiyya suna da abinda a ke kira hauzi: wanda ya riƙe gona shekara 10 yana aikinta kamar tasa, mai ita yana gani bai yi magana ba, ƙarar mai ita ta kan faɗi, idan su biyun ba dangi ba ne. Aro da haya da jingina ba su shiga wannan hukunci, amma sai an sami shaidar da za ta tabbatar aro ne ko haya ce. Shaidu kuwa su kan mutu, mutane su kan manta. Idan mai haya ya fara cewa “gonata” a gaban jama'a, kai kuwa ka yi shiru don kunya, wataƙila marayun su girma su tarar ba su da komai.

Saboda haka amsar ita ce: ya halatta mai bi ya ƙi sabunta haya, wani lokaci ma ya zama tilas a kansa. Gafara tana wanke zuciyarka daga ƙiyayya, amma ba ta sauke maka amana. Sai dai a lura, abu halal ya kan ƙazantu ta wurin mugun dalili ko muguwar hanya.

3. Ka fara auna zuciyarka

Kafin ka ce mutum mai wuyar sha'ani ne, ka tambayi kanka wace irin wuya ce. Akwai mutum mai kaushin baki, mai gardama, wanda ba ya gaishe ka yadda ka ke so, amma yana kai taki, yana tsare iyaka, yana biya a kan kari. Wannan ya dame ka, amma bai cuci mai gona ba. Ka ɗauke shi da haƙuri, gama ko tsakanin harshe da haƙori a kan saɓa.

Akwai kuma matalauci wanda ruwa ya ɗauke masa da wuri, ko ciwo ya kwantar da shi lokacin noman fari, har ya kasa biya. Talauci ba mugun hali ba ne. Cikin Kubawar Shari'a sura 24 an hana karɓar dutsen niƙa a jingina, domin da shi mutum ke rayuwa, gonar haya kuwa ga talaka ta yi kama da wannan dutse. Aikinka a nan shi ne ka kai maganarsa ga mai gona, ka roƙa masa jinkiri, idan kana da hali ma ka taimake shi daga rumbunka.

Na ukun shi ne wanda ke ɓata gonar da gangan: ya hana ta taki, ya sassare itatuwa, ya tumɓuke gamban iyaka ya ci gonar maƙwabci har ya jawo wa mai gona husuma, ya ba wani sashenta haya a ɓoye, ko ya sayar da gyaɗarsa ya ƙi biya alhali yana da shi. A kan wannan ne maganarmu ta ke.

Ka ƙara tambayar kanka abu biyu. Ko wani ya zo maka da dare da gaisuwa a hannu yana son gonar? Ko kana so ka ba ɗan'uwanka ko surukinka? Idan haka ne, laifin mai haya ya zama mayafin kwaɗayinka. Ka tuna da sarki Ahab da gonar Naboth, cikin 1 Sarakuna sura 21, yadda aka nemo wa marar laifi laifi domin a sami gonarsa. Kada kuma addinin mutum ya shiga ma'auninka. Musulmi ne, ko mai bin al'adar kakanni, ko mai bi ɗan'uwanka, mudu ɗaya za ka auna musu.

4. Gargaɗi kafin hukunci

Kada mutum ya fara jin laifinsa a ranar da aka raba shi da gona. Cikin Matta sura 18 Ubangiji ya shirya mana matakai game da ɗan'uwa mai laifi, hikimarsu kuwa tana da amfani ga kowane maƙwabci. Da fari ka tafi wurinsa kai kaɗai, a zaurensa, ba a bakin kasuwa ba. Bayan gaisuwa ka ce masa, “Malam, gonar nan amana ce a hannuna, kai ma amana ce a hannunka. Na ga an sare gawo biyu, kuɗin bara kuma bai cika ba. Me ya faru?” Sa'an nan ka saurara, gama mai yiwuwa akwai abinda ba ka sani ba.

Idan bai ji ba, ka koma da dattijo ɗaya ko biyu waɗanda shi ma ya ke ganin girmansu. Idan mai bi ne, dattawan ikilisiya su shiga tsakani kafin maganar ta fita waje. Idan ba mai bi ba ne, mai unguwa ko dagaci su ne iyayen ƙasa. A faɗa masa a fili abinda za ya gyara, a kuma sa masa lokaci.

Cikin Luka sura 13 akwai misalin itacen ɓaure wanda ya yi shekara uku ba 'ya'ya. Mai aikin gonar ya roƙa a ƙara masa shekara ɗaya, ya yi masa kaftu ya zuba taki, idan kuma bai yi ba a sare shi. Dubi abu biyu a nan: an roƙi jinkiri, jinkirin kuwa yana da iyaka. Dubi kuma, mai aikin bai yanke da kansa ba, wurin ubangidansa ya kai roƙon. Haka kai ma, ka sanar da mai gona ko waliyyin marayu dukan abinda ke gudana, kada ka ƙara gishiri, kada ka rage.

5. Lokaci da hanyar rabuwa

Idan jinkiri ya wuce mutum bai sake ba, sai rabuwa. A nan ne a ke gane mai bi na gaskiya, gama hana gona a lokacin da bai dace ba ya kan zama zalunci ko da dalilin daidai ne.

Kada ka taɓa shi amfani yana tsaye. Wanda ya shuka shi za ya girbe, har dawa da wake su shiga rumbu, ya kwashe kara da harawa. Ka faɗa masa da kaka, da zarar an gama girbi, domin ya sami dukan rani yana neman wata gona. Wanda ya bari sai bazara, mutum ya yi shara, ya kai taki, hadari ya fara haɗuwa, sa'an nan ya ce masa ya tashi, ya jefa gida ɗaya cikin yunwar shekara guda, gama a lokacin an riga an ba da kowace gona. Matarsa da 'ya'yansa ba su sare gawo ba.

Ka yi lissafin gaskiya a gaban shaidu, a rubuta a takarda. Abinda a ke binsa a faɗa, abinda ya ke bi kuma a faɗa. Idan ya zuba taki wanda ƙarfinsa bai ƙare ba, a rage masa daga bashin bisa ga abinda dattawa suka gani ya dace.

Ka faɗi ainihin dalili. Da yawa su kan ce, “Mai gona ne za ya noma abinsa bana,” alhali ƙarya ce, don gudun ɓacin rai. Ran da mutumin ya ga baƙo yana huɗa a gonar, ɓacin ran ya ninka, ya kuma ce masu bi maƙaryata ne. Ka ce masa, “Malam, mun yi magana bara a gaban dattawa, abin bai gyaru ba. Ba ni da ikon ci gaba da ba ka gonar marayu. Ba ni da gaba da kai.” Maganar tana da ɗaci, amma tana da tsabta.

6. Bayan an rabu

Wataƙila ya zage ka, ya ce addininka na baki ne. Kada ka rama. Kada ka bi gari kana ba da labarinsa don a hana shi gona a ko'ina. Idan wani mai gona ya tambaye ka, ka faɗi gaskiya gwargwadon tambayarsa, ka haɗa da abin kirkin da ka sani game da shi. Ka riga shi gaisuwa a hanya. Idan an yi masa haihuwa ka je barka, idan an yi masa rasuwa ka je ta'aziyya. Hayar gona ta ƙare, maƙwabtaka kuwa tana nan. Idan kuma bayan shekaru ya sake hali, kada ka kulle ƙofa.

A ƙarshe ka tuna kai ma mai haya ne. Ranka, da ƙarfinka, da 'ya'yanka, da kwanakinka, duka na Allah ne, ya ba ka riƙo zuwa wani lokaci, akwai kuma ranar lissafi. Sau nawa ya yi maka jinkiri sa'anda ba ka ba da amfani ba! Wanda ya san wannan za ya tsare amanar mai gona da ƙarfi, ya kuma sallami mai haya da tausayi, ba tare da girman kai ba.

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, Mai ƙasa da abinda ke cikinta, ka ba mu aminci cikin abinda aka danƙa mana. Ka tsare mu daga tsoron mutum wanda ke sa mu yi shiru, ka tsare mu daga fushi da kwaɗayi waɗanda ke sa mu yi gaggawa. Ka ciyar da maraya da gwauruwa, ka ciyar da gidan mai haya kuma. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.