Ruwan Tabalak: Kyauta Ce Ko Bashi?

Duk wanda ya bar Tawa ya kama hanyar Agadas, bayan tafiyar kilomita kamar 50 zai ga abin da ido bai saba da shi ba a Adar: ruwa shimfiɗe tsakanin tuddai, ga masunta, ga garaken albasa, ga shanu suna layin sha. Tafkin Tabalak ke nan. A shekarar 2005 aka sanya shi, tare da na Ɗan Dutsi, cikin jerin Ramsar na wuraren ruwa masu daraja a duniya. Mutanenmu kuwa suna ce masa rahama, kuma ba su yi ƙarya ba.

Sai dai masana ilimin ruwa sun zo da wata magana mai tsinka jiki. Tun a shekarun 1980 suka lura cewa, duk da farin 1973 da na 1984, ruwan da ke gangarowa cikin ƙoramu da tafkunan Sahel ƙaruwa ya yi, ba raguwa ba. Dalilin ba boyayye ba ne ga manomi. Idan fari ya kashe itace, gatari ya ƙarasa saura, aka nome gona babu hutu, sai ƙasa ta zama faƙo. Faƙo ba ya shan ruwa. Korarsa yake yi zuwa kwari. Shi kansa tafkin Ɗan Dutsi a 1974 ya cika ya zauna, a wurin da a da ake noman hatsi.

Ashe ke nan wani kaso na ruwan da tarwaɗa da ƙarfasa ke iyo a ciki, ruwan da tudu ya kasa riƙewa ne. Na taɓa faɗa wa ɗalibaina haka a aji, sai wani yaro ya ce: "Malam, to mu yi murna ko mu yi kuka?" Na yi dariya, amma ban ba shi amsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke raba lissafi. Ruwan muna karɓarsa a matsayin rabo. Rairayin da yake kwasowa yana cike gindin tafki kuwa sai mu ce canjin yanayi ne, laifin masana'antun Turai da Amurka. Lallai suna da nasu alhaki, babba ma, domin ba hayaƙin Adar ya ɗumama duniya ba, kuma zafi na ƙara shanye ruwa mara zurfi. Amma ruwa da rairayi ƙorama ɗaya ta kawo su. Maganin ƙwari da ke komawa tafki daga garake, da raga mai ƙananan ido da ke kwashe ƴaƴan kifi, ba daga ƙetare suka zo da ƙafarsu ba.

A nan ne tambayar ta yi tsauri. Aikin Keita, wanda aka soma a 1984 da taimakon Italiya, ya nuna cewa faƙo na farfaɗowa. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka, aka jera su a kan tudu, aka gina ramuka, aka dasa itatuwa, ruwa ya riƙa tsayawa inda ya faɗi. To, idan aka yi haka a duk tuddan da ke shayar da wani tafki, rairayi zai ragu, amma ruwan ma yana iya raguwa. Manomin tudu zai maido da haƙƙinsa, masuncin kwari ya ji a jikinsa.

A ganina haƙƙin tudu ne a gaba, domin tafkin da ke rayuwa da zaizayar ƙasa, zaizayar ce za ta binne shi wata rana. Amma ban yarda a yanke wannan hukunci a bayan idon masunta ba. Da su, da makiyaya, da masu garake, da manoman tudu ya kamata a zauna tun kafin a aza dutsen farko, a kuma faɗa wa kowa abin da zai rasa.