'Ya'yana, Kada Ku Ci Bashin Barci

'Ya'yana, ku ba ni aron hankalinku, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Gidaje da yawa na fama da ita, amma ba a cika faɗinta a fili ba.

Akwai mutumin da ke kwana da fargaba ya tashi da ita, bai kuma san takamaiman abin da yake tsoro ba. Waya ta yi ƙara, gabansa ya faɗi. Yaro ya yi jinkirin dawowa daga makaranta, zuciyarsa ta riga ta kawo masa mummunan labari. Wata kuma tsakar dare za ta farka gabanta na dukan uku-uku, gumi ya jiƙe mata riga, numfashi na sarƙewa, hannuwa na rawa, har ta fara kalmar shahada don ta sakankance lokaci ya yi. Cikin kamar minti goma abin ya kai ƙarshen tsananinsa, sannan ya lafa. Da safe a je asibiti, a auna jini, a gwada zuciya, a ce lafiyarta ƙalau. Wasu dangi su ce iska ce, wasu su ce sammu, wasu su ce ƙarancin tawakkali.

Ku sani wannan ciwo ne, likitoci sun san shi, yana kuma da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba, mata sun fi maza yawa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke samun kulawa. Tsoro halitta ne da Allah Ya sanya mana don mu kauce wa haɗari. Yana zama ciwo ne idan ya wuce kima, ya ɗauki watanni, ya hana mutum barci da sana'a da shiga jama'a. Mu kuwa da muke da 'yan'uwa da suka tsere wa rikici a Borno, da waɗanda suka kwana a daji hannun masu garkuwa da mutane a Zamfara da Katsina, bai kamata mu yi mamakin ganin zukatan da suka kasa natsuwa ba.

Inda nake ji muku tsoro shi ne wajen neman sauƙi. Mutum ya gaji da juye-juye a kan gado, sai aboki ya ce, “Je ka kemis ka ce a ba ka na barci.” Ya miƙa kuɗi, mai shago ya sa almakashi ya yanko masa ƙwaya biyu daga kati, ba takardar likita, ba tambaya. Daren nan ya yi barcin da ya manta rabonsa da irinsa. Washegari ya koma.

Waɗannan ƙwayoyi dangi guda ne da likitoci ke kira benzodiyazefin. A cikinsu akwai diyazefam, wato Valium ko D5, da Lexotan, da Rohypnol wanda matasa ke kira rochi. Wani masani mai suna Leo Sternbach ne ya gano na farkonsu a kamfanin Roche, aka fitar da Librium a 1960, Valium ya biyo baya a 1963. Aikinsu shi ne ƙara wa wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna GABA ƙarfi, shi kuwa wannan sinadari shi ke lafar da jijiyoyi. Shi ya sa kafin awa guda jiki ya saki, ido ya yi nauyi. A hannun likita magani ne mai daraja. Da shi ake tsayar da jijjiga a ceto rai. Amma ga fargaba, ƙa'idar likitoci ita ce kada a wuce mako biyu zuwa huɗu, domin yana kwantar da alamomin ne kawai, tushen ciwon na nan daram.

Barcin da ƙwayar nan ke bayarwa bashi ne mai ruwa. Ƙwaƙwalwa na sabawa da ita, ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma huɗu. Ranar da ba a sha ba, fargabar ta dawo fiye da ta farko, ga karkarwa, ga gumi, ga rashin barci. A hankali mantuwa ta shigo, harshe ya yi nauyi, tafiya ta koma tangaɗi. Tsoho ya tashi fitsarin dare ya faɗi ya karye. Kai ɗana mai tuƙa mota ko Keke Napep, sauran mayen ƙwayar jiya na nan a jikinka da safe, ga rayukan mutane a bayanka. Ke 'yata mai juna biyu ko mai shayarwa, abin da kika haɗiya yana isa ga jaririnki. Mafi muni shi ne haɗa ta da tiramol ko kodin ko giya. Dukkansu suna danne numfashi, sai mutum ya kwanta barci a wayi gari babu shi. Rahoton binciken shaye-shaye a Najeriya na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Kada ku ɗauka dukkansu 'yan iska ne. Wasu barci kawai suka je nema.

Wanda bai fara ba, ina roƙonsa kada ya fara da kansa, kada ya karɓi ragowar maganin wani. Wanda kuma ya riga ya saba, to ya ji wannan da kyau: kada ya daina farat ɗaya. Yanke ta lokaci guda bayan dogon sabo na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har ta kai ga halaka. Likita ne zai tsara yadda za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni. Sannu ba ta hana zuwa. Ku gaya masa gaskiyar abin da kuke sha da yawansa, domin da gaskiyar ce zai yi lissafin da zai cece ku.

Ku je asibiti a fara bincika jiki, saboda ciwon maƙoƙo da ƙarancin jini da wasu cututtukan zuciya kan zo da alamomi irin na fargaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, ga kuma sashen masu wannan aiki a asibitocin koyarwa. Zuwa can ba ya mai da mutum mahaukaci. Akwai magani ta hanyar zama da ƙwararre, inda ake koya wa mutum gane tunanin da ke tayar masa da hankali da fuskantar abin da yake gudu mataki-mataki. Akwai kuma magunguna irin su fluoxetine da sertraline, waɗanda sai sun yi makonni kafin a ga amfaninsu, don haka suna buƙatar haƙuri. Ku rage goro da kofi da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari, musamman da yamma. Ku motsa jiki, ku ajiye waya kafin kwanciya. Ku riƙe addu'a da zikiri, ku haɗa da neman magani, domin biyun ba sa karo da juna.

Ku kuma iyaye da mazaje da matan aure, idan naku ya ce gabansa na faɗuwa ba dalili, kada ku ce masa raki ne. Wasu masu zuwa kemis a ɓoye sun fara neman kunnen da zai saurare su a gida ne suka rasa. Ku zauna da shi, ku ji ta bakinsa, ku raka shi wurin likita da ƙafarku.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya natsuwa a zukatanmu, Ya yi muku albarka.