Tawakkali Da Ɗaure Raƙumi: Ginin Gida Da Inshora A Bakin Ruwa

 

Wani dattijo daga ƙasar Haɗejiya ya aiko wa wannan fili da wasiƙa. Ya ce sau biyu ke nan ambaliya tana rushe masa gida, kuma duk sa'ad da ta janye sai ya sake ginawa a wurin, da irin ginin da ya faɗi. Yanzu ɗansa ya matsa masa lamba, wai a ɗaga harsashi, a yi ginin siminti, kana a yi wa gidan inshora. Shi kuwa zuciyarsa ba ta kwanta ba, don yana ganin kamar wannan gardama ce da ƙaddara. Ya nemi a warware masa.

Baba, tambayarka ta jama'a ce. Mutanen Kano ba su manta da fashewar dam ɗin Bagauda a 1988 ba. A Satumban 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya mamaye yawancin Maiduguri, shekara 30 bayan irin wannan a 1994. A ƙarshen Mayun 2025 kuma ruwa ya auka wa Mokwa, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Lalle duk wannan da hukuncin Allah ya auku, wanda ya yi shakkar haka imaninsa bai cika ba. Abin da za a duba shi ne ko imani da ƙaddara yana hana mutum yin tanadi.

Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah. Aka umurce shi da ya ɗaure ta, sa'an nan ya dogara. Sayyidina Umar kuma, da ya ji annoba ta sauka a Sham, sai ya juya da jama'arsa daga hanya. Da Abu Ubaida ya yi masa magana, ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Shi ne dai wanda, bayan ambaliya ta shiga Masallacin Harami har ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa, ya zo Makka ya mai da shi, kana ya sa aka yi shinge na duwatsu a saman gari don kare ruwan. Wa zai ce ya fi Umar tawakkali? Tawakkali aikin zuciya ne, tanadi kuwa aikin gaɓoɓi, ɗaya ba ya korar ɗaya.

Kakanninmu sun san haka. Magina na dā suna faɗaɗa gindin bango, su jera tubali, su ɗora azara, su sa indararo don kada ruwan rufi ya ci jikin soro, kana kowace rani a sake yaɓe kafin damina. Kududdufin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa shi ne matattarar ruwan unguwa. Mu kuwa muka cike kududdufai muka yanka filaye, muka toshe magudanu da shara, sa'an nan in ruwa ya biyo tsohuwar hanyarsa mu ce daga Allah ne. Gaskiya ne daga Allah ne, amma sakacin namu ne, kuma za a tambaye mu. Wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa maƙwabcinsa yake tura wa ruwan, alhali kuwa shari'a ta hana cuta da cutarwa. Maginin da ya rage siminti ya sa kuɗin a aljihu, da ma'aikacin da ya karɓi na goro ya ba da izinin gini a fadama, dukkansu suna da kaso a cikin alhakin duk yaron da bango ya danne.

Saura batun inshora, kuma a nan malamai sun yi saɓani. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1985 ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, saboda gararin da ke cikinta: mutum yana biyan kuɗi tabbatacce don abin da bai san ko zai samu ba, ko nawa zai samu, ga shi kuma kamfani kan juya kuɗin da riba. Shaihu Mustafa Zarƙa na Sham ya saɓa wa wannan ra'ayi, yana ganin abin da ake saye shi ne kwanciyar rai, wadda take samuwa tun ranar ƙulla yarjejeniya. Amma mafi yawa suna kan hani. Abin da majalisar ta halatta shi ne inshorar taimakon juna, wadda ake kira takaful. Jama'a suna zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar kyauta, wanda masifa ta same shi a ɗebo a ba shi, kamfani kuwa wakili ne mai ladan aiki. Tun 1979 aka kafa kamfani na farko irin wannan a Sudan, a Nijeriya kuma Hukumar Inshora ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idodinsa a 2013.

Asalin wannan tsohon abu ne. Manzon Allah ya yabi Ash'arawa, mutanen Yaman, don in abincinsu ya ƙaranta sukan tara abin da ke hannun kowa su raba daidai. Diyyar kisan kuskure ma dangi ne ke haɗuwa su biya. Gayyar da muke kira in za a ɗora rufi ita ma daga wannan tsatso take.

Saboda haka, Baba, ɗanka bai kauce ba. In kana da halin matsawa kan tudu, ka matsa. In babu, ka ɗaga harsashi sama da inda ruwa ya tsaya bara, ka buɗe masa hanya, ka kuma saurari gargaɗin hukumomin hasashen ambaliya. In za ka shiga takaful, ka sa a karanta maka takardar sala-sala, ka tabbata an ambaci ambaliya da sunanta, kuma kada ka ɓoye cewa gidan ya taɓa faɗuwa, don ɓoyewar cin dukiyar 'yan'uwa ne.

Amma fa yawancin waɗanda ruwa ke ci ba su da kuɗin siminti, balle na inshora, kuma talauci ne ya zaunar da su a kwari. Nauyinsu yana kan hukuma, wadda za a tambaye ta dam ɗin da ba a gyara ba, yana kuma kan mawadata. Me zai hana kowane masallacin Juma'a a garuruwan bakin kogi ya buɗe asusu tun da rani, a hannun amintattu, maimakon a jira sai an ga gawa a fara yawo da ƙoƙo?

Bayan duk wannan ruwa yana iya zuwa ya ci gidan. A nan ne wurin haƙuri da yarda da hukunci, kuma wanda ya ɗaure raƙumarsa ta ɓace zai haƙura ba tare da cizon yatsa ba. Allah Ya kiyashe mu da sharrin ruwa da wuta, Ya sa mu dace. Amin.