Hawan Keke a Tuddan Cotswolds: Lahawu ne ko I'itibari?

A ƙasar Ingila, tsakanin birnin Oxford da kwarin kogin Severn, akwai wani yanki mai tudu da gangare da ake kira Cotswolds, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000, wanda kuma hukuma ta sa shi cikin wuraren da ake kiyayewa saboda kyawunsu tun shekarar 1966. Kuma da zarar sanyi ya ja baya, ciyawa ta yi shar, sai ka ga mutane maza da mata, har da masu furfura, sun ajiye motocinsu sun hau kekuna marasa nauyi masu siraran tayoyi, suna bin 'yan ƙananan hanyoyi a tsakanin katangun dutse da aka jera ba tare da laka ba, daga Chipping Campden zuwa Stow-on-the-Wold, su gangara Bourton-on-the-Water inda kogin Windrush ya ratsa tsakiyar gari, su zarce Northleach da Bibury, alhali babu hajar da za su sayar, babu kuma dangin da ke jiransu. Tudun da ya fi kowanne tsawo a yankin, wato Cleeve Hill, mita 330 ne kacal, amma hawa da sauka ba sa ƙarewa, kuma wanda ya wuni yana taka feda a can yakan koma masauki da gwiwoyi a sake.

Mutumin ƙasarmu, wanda ya san keke a matsayin abin hawan malamin makaranta da mai kai kaya kasuwa tun zamanin da Raleigh ta birnin Nottingham ta cika garuruwanmu, yana da haƙƙi ya tambaya: wahalar da mutum ya saya wa kansa da gangan, bayan Allah Ya hore masa abin da zai ɗauke masa ita, mene ne matsayinta a ma'aunin hankali da na shari'a? Tambayar tana da nauyi, domin lokaci amana ne, jiki ma amana ne, kuma za a tambayi bawa a kan su duka biyun.

Fukaha'u ba su bar wannan babi a buɗe ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Muhtasar na Shaihu Halilu ya sani, kasarun salla sunna ce ga matafiyin da ya nufi nisan baridi huɗu, wato mil 48, da sharaɗin kada tafiyar ta zama ta saɓo ko ta lahawu. Sai masu sharhi suka ce wanda ya fita don wasa kawai, kamar mai farautar da ba ya bukatar naman, an karhanta masa yin kasaru. (Nisan nan kuwa na tafiya ne ban da komowa, saboda haka mai kewayawa ya dawo inda ya tashi da yamma, kamar yadda yawancin mahaya keke suke yi, mas'alar ba ta cika shafarsa ba.) Abin lura shi ne malaman nan sun bambanta tafiye-tafiye bisa ga maƙasudinsu. Haka nan Imamu Shaɗibi na Andalus ya kafa ƙa'idar cewa bawa ba ya nufin mashakka don kanta da zaton lada yana cikinta, sai dai ya nufi aikin da ladansa yake da girma ko da akwai wahala a tare da shi. Kuma hadisin Abu Isra'ila, wanda ya yi bakancen tsayuwa a rana yana azumi ba ya magana, aka umarce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa, ya ishe mu hujja. Don haka gumin da mahayi ya zubar a kan tudu, in an ɗauke shi shi kaɗai, ba ibada ba ne, ba kuma saɓo ba ne. Mubahi ne, wanda kyakkyawar niyya ta kula da lafiyar jiki take iya ɗaga darajarsa.

Sai dai ni ina ganin maganar ba ta tsaya nan ba, domin Alƙur'ani mai girma ya maimaita umarni a wurare da dama cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance, kuma Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u a kan ladubban tafiya, inda ya raba ta biyu, ta jiki da ta zuciya, ya kuma fifita ta biyun. Umarnin nan ya haɗa abu biyu, tafiya da dubawa, kuma a zamaninmu an samu ta farko a sauƙaƙe an yi hasarar ta biyu, saboda wanda motar safa ta sauke shi a Bibury na rabin sa'a ya ɗauki hoto ya koma kujerarsa ya isa wurin, amma idonsa bai sami sukunin tsayawa a kan komai ba. Keken da John Kemp Starley ya ƙera a Coventry a 1885, mai tayoyi biyu masu kusan girma ɗaya da sarƙa, wanda tayar iska ta Dunlop ta cika amfaninsa a 1888, ya ba ɗan Adam wata irin tafiya matsakaiciya, wadda ta fi ƙafa cin nisa amma ba ta kai saurin da ke makantar da ido ba; kuma tudun da ya rage wa mahayi gudu, ya tilasta masa sauka ƙaramar giya, shi ne yake tsayar da shi a gaban abin da ya kamata ya gani. A nan ne wahalar take samun ma'ana, a matsayinta na wasila.

To, mene ne abin ganin? Ƙauyukan nan na dutse mai launin zuma, da tumaki aka gina su. A ƙarni na 14 da na 15 ulun Cotswolds yana cikin mafi daraja a Turai, fatake suna zuwa nemansa daga Italiya da Flanders, kuma arzikin Ingila ya rataya a kan ulu har ta kai ga an cusa shi cikin matashin da shugaban majalisar dattawan ƙasar yake zama a kai, al'adar da ta wanzu har yau. William Grevel, attajirin ulu na Chipping Campden, wanda ya mutu a 1401, gidansa yana nan tsaye a bakin babban titin garin. John Fortey na Northleach, wanda ya mutu a 1458, ya zuba dukiyarsa wajen ɗaukaka ginin majami'ar garinsu, kuma a kan farantin tagulla na kabarinsa an zana ƙafafunsa a bisa tunkiya da buhun ulu, kai ka ce yana shaida wa masu zuwa abin da ya tsaya a kansa a duniya. Jerin gidajen Arlington Row da ke Bibury, waɗanda baƙi suke tururuwa a kansu, rumbun ulu ne da aka gina wajen 1380, daga baya a ƙarni na 17 aka mayar da shi mazaunin masaƙa, talakawa masu aikin hannu waɗanda ba wanda ya zana sunayensu a tagulla.

Akwai kuma abin da bai tsaya ba, wanda a wurina ya fi wanda ya tsaya wa'azi. Wanda ya bi tsohuwar hanyar Rumawa da ake kira Fosse Way, ya wuce Moreton-in-Marsh ya nufi arewa, zai ratsa kusa da filayen da ƙauyukan Ditchford uku suka taɓa zama, inda yanzu babu abin da ya rage sai 'yan tuddai a ƙarƙashin ciyawa da alamun tsofaffin kunyoyi. Annobar da ta shiga Ingila a 1348 ta rage mutane ƙwarai, noma ya ja baya, masu ƙasa suka ga kiwon tumaki ya fi haya daga manoma riba, har kafin ƙarshen ƙarni na 15 garuruwan suka zama kufai; kuma wani malamin coci na Warwick mai suna John Rous ya rayu a lokacin, ya rubuta sunayen ƙauyuka masu yawa da aka tashe su, yana kuka da haɗamar masu yin haka. Ashe ulun da ya ɗaga hasumiya a Northleach shi ne ya rushe bukkoki a wani gefen. Mai gudu a mota ba zai ga waɗannan kunyoyi ba, domin sai rana ta karkata, inuwa ta kwanta a cikinsu, sannan suke bayyana ga wanda yake tafe a hankali.

Daga baya kuma arzikin kansa ya yi hijira. Da injuna masu aiki da tururi suka zo, saƙa ta koma Yorkshire inda kwal yake, sai yawancin garuruwan Cotswolds suka talauce, suka rasa abin da za su rushe tsofaffin gidaje su yi sababbi da shi. Saboda haka kyawun da ake tafiya daga nesa don a gani a yau, wani kaso babba nasa talauci ne ya adana shi. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, shekara biyar bayan Grevel, ya riga ya bayyana cewa umrani, wato rayuwar garuruwa da bunƙasarsu, yana da ƙuruciya da tsufa, kuma zalunci yana jawo rushewarsa, ko da yake bai taɓa taka wannan ƙasa ba.

Hukuncin da na rinjayar shi ne, tafiya irin wannan tana bin abin da matafiyi ya ɗauko a zuciyarsa. Wanda ya fita ya sunkuyar da kai yana ƙirga kilomita a 'yar na'urar da ke kan kekensa, ya motsa jikinsa, kuma babu laifi a kansa matuƙar bai tozarta salla ba, bai kuma cutar da masu hanya ba. Wanda kuwa ya tsaya a bakin kufai ya tambayi kansa su wa suka zauna a nan, me ya tashe su, wa ya ci ribar tashinsu, wannan ya yi i'itibari, wato ya cika sharaɗin dubawa da aka haɗa da tafiya, kuma ban ga hujjar kiran fitarsa lahawu ba. Ya kai mai karatu, in Allah Ya kai ka wannan ƙasa don karatu ko aiki, ka kuma sami keke, to ka karanta tarihin garuruwan kafin ka tashi, ka lissafa lokutan sallarka a kan hanya, kuma in ka kai Ditchford ka sauka ka duba.