Akila da Biriskilla a Kan Hanyar Basirka



Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, an cire gyaɗa, an kaɗe riɗi, kuma kamar yadda muka saba, yanzu ne ɗaurin aure yake yawaita a ƙauyukanmu, tun daga ƙasar Birnin Kudu, a bi ta Gwaram, har a kai Basirka a bakin iyakar Bauchi. A kowane biki gargaɗi ɗaya muke ji. Gwaggo ta ce wa amarya ta yi haƙuri, kawu ya ce wa ango ya yi haƙuri, mu ma masu wa'azi mu hau mu ƙara da haƙuri, har yaron da ke saurare zai zaci aure wata doguwar jinya ce da aka ɗora wa mutane biyu. Haƙuri abu ne mai kyau, babu gidan da zai tsaya ba tare da shi ba. Amma a wannan karon muna so mu yi magana a kan abin da ba a cika ambatonsa a coci ba, wato jin daɗin zama tare: miji da mata su ci tare, su yi dariya tare, su yi abokai tare, su kama hanya tare.

Kada wani ya ɗauka wannan zance ne na Turawa. Koyarwar Ikkilisiya ce. Majalisar Batikan ta Biyu, a shekarar 1965, ta bayyana aure a matsayin tarayya ta rai da ƙauna, kuma dokar Ikkilisiya ta 1983 ta ce an kafa shi domin alherin ma'auratan kansu, tare da haihuwa da tarbiyyar 'ya'ya. A lura da wannan: alherin su biyun ma manufa ce, ba ƙari ba ne. Bugu da ƙari, a ranar aure ba Fada ne yake ba da sakramenti ba. Ango da amarya su ne suke ba wa juna, Fada kuwa shaida ne a madadin Ikkilisiya. To, idan su ne suka ba wa juna, ba a ƙofar coci abin ya ƙare ba. Yana bin su zuwa madafa, da gona, da kasuwa, da tashar mota.

Sai mu dubi yadda zamanmu yake a gaskiya. Da magariba ta yi, a kai wa maigida tuwonsa ƙofar gida ya ci da maza, uwargida kuwa ta ci da yara bayan kowa ya ƙoshi. Daga nan ya wuce teburin mai shayi, inda ake sauraron rediyo ana warware matsalolin duniya har dare ya raba, ya dawo ya tarar ta yi barci. Da an gama aikin kaka ya ɗauki jakarsa ya tafi ci-rani Kano ko Jos ko Legas, sai ruwan farko ya dawo da shi. Shi ya san Sabon Gari lungu-lungu, ya ga teku da idonsa. Ita kuwa, in ba ciwo ne ya kai ta asibitin Birnin Kudu ba, ba ta taɓa wuce Gwaram ba. Ba mu ce wannan duka zunubi ne ba. Talauci ne yake kora maza ci-rani, kuma kunyar da iyayenmu suka koya mana ado ce. Sai dai kunyar da za ta sa mutum ya shekara 20 da mace bai san abin da yake ba ta dariya ba, ta wuce kunya, ta zama baƙunta. Mun ga gidajen da ba a taɓa jin faɗa a cikinsu ba, alhali auren ya daɗe da bushewa, domin babu abin da ya haɗa su sai 'ya'ya da rumbu. Ranar da 'ya'yan suka watse, sai tsoho da tsohuwa su zauna suna kallon juna kamar waɗanda suka haɗu a tasha.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu misalin wasu ma'aurata da ya kamata kowane gida ya san labarinsu, su ne Akila da matarsa Biriskilla. Akila Bayahude ne, mutumin ƙasar Fantas, suna zaune a Roma suna sana'ar ɗinkin tanti. Wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Ubangijinmu, Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma. Akila bai bar matarsa wurin dangi ya tafi neman mafaka shi kaɗai ba. Tare suka ɗaure kayansu, tare suka sauka a Koranti, tare suka sake buɗe sana'a. A nan ne Manzo Bulus ya same su, kuma da yake sana'arsu ɗaya ce, ya sauka a gidansu yana aiki tare da su (Ayyukan Manzanni, sura 18). Shekara ɗaya da wata shida Bulus ya yi a Koranti. Ku yi tunanin hirar da aka yi a wannan rumfa, ana jan allura ana zancen Almasihu, kuma Biriskilla ba a bayan labule take ba, tana cikin hirar.

Da Bulus ya tashi, suka shiga jirgin ruwa tare da shi zuwa Afisa. A can suka ji wani malami mai suna Afolos, mutumin Iskandariya, gwanin magana, yana wa'azi da himma amma saninsa bai cika ba. Ba su kunyata shi a gaban jama'a ba. Suka ja shi gefe, su biyu, suka ƙara masa haske. Gidansu a Afisa ya zama wurin taron masu bi, kuma da suka koma Roma, can ma haka. Bulus da kansa ya shaida cewa sun taɓa sa ransu cikin hatsari domin su cece shi. Wani abin lura kuma shi ne, sau 6 aka ambace su a Sabon Alkawari, kuma babu inda aka ambaci ɗaya ba tare da ɗayan ba. A wurare 4 ma sunan matar ne ya zo da farko, abin da ko a yau wani maigidan ba zai ji daɗinsa ba. Ikkilisiya tana tunawa da su tare a ranar 8 ga Yuli.

Abin da ya fi jan hankalinmu a labarin nan shi ne abokansu na su biyu ne. Bulus ba abokin Akila ne kaɗai ba wanda Biriskilla take dafa wa abinci. A wurinmu kuwa, miji yana da majalisarsa, mata tana da ƙawayenta na Zumuntar Mata da na bakin rijiya, kuma sau da yawa waɗannan ƙungiyoyi biyu ba su san juna ba. Ba laifi ba ne namiji ya yi hira da maza, mace da mata. Amma gidan da ba shi da ko iyali ɗaya da suke ziyarta tare, su ma a ziyarce su, ranar da rigima ta tashi ba shi da mai shiga tsakani wanda ya san ɓangarorin biyu. Abokin miji zai ce masa mata haka suke, ƙawar mata za ta ce mata maza ba su da tabbas, kowa ya ƙara wa wutar itace. Ga ma'auni mai sauƙi: abokin da ba ka so matarka ta san inda kuke zama, da ƙawar da kike rage murya idan kina waya da ita maigida ya shigo, a sake duba wannan abota. Da yawa daga cikin kuɗin riɗin da ya kamata su sayi zane da littattafan makaranta, a wurin irin waɗannan abokai suke narkewa, a gindin tukunyar burkutu.

Mu a wannan yanki 'yan kaɗan ne a tsakiyar 'yan'uwanmu Musulmi, kuma yawancinmu jini ɗaya ne da su. Suna aiko mana da naman layya, mu aika musu da shinkafar Kirsimeti. Muna haɗuwa a gayya, da suna, da ta'aziyya. Wannan dukiya ce da wasu sassan ƙasar nan suka yi asararta, suna kuka. Ma'aurata su ne masu tsaronta. Idan maƙwabci ya yi haihuwa, maigida ya tsaya a zaure wurin maza, uwargida ta shiga ciki wurin mai jego, su fito su kama hanyar gida tare suna ba juna labarin abin da kowa ya gani. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ƙafar kuwa idan ta zama huɗu ta fi saurin isa.

Game da al'adun ƙasarmu, akwai masu bi da suke ganin duk abin da aka buga wa ganga na Shaiɗan ne. Ba haka Ikkilisiya take koyarwa ba. Ubangijinmu ya yi alamarsa ta farko a gidan biki, a Kana ta Galili, kuma abin da ya sa ya yi ta shi ne kada murnar ango da amarya ta yanke, su ji kunya a gaban baƙi. Kokawar bayan kaka, da kiɗan kalangu, da fura da nono a kasuwar Sara, da tatsuniyar dare a farin wata, duk kyauta ce daga Mahalicci, a more su da godiya. Inda za mu tsaya shi ne inda aka shigo da tsafi, ko bori, ko maye, ko waƙar da take zubar da mutuncin wani. Mai hankali ya san bambancin.

Mu nawa ne muka taɓa kai matanmu su ga duwatsun Birnin Kudu? A jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu da mutanen da suka yi, wasunsu shanu marasa tozo, irin da ba a kiwonsu a nan yanzu. Akwai kuma duwatsun da idan aka buga su suke amo kamar ƙararrawa. Masu bincike sun kai labarinsu ga duniya tun shekarun 1950, kuma Bature Bernard Fagg, wanda ya yi nazarinsu, ya rubuta cewa amaren garin sukan je wurin da ƙawayensu a lokacin aure. Mutane sun taso daga Ingila domin su gani, mu kuwa muna wucewa a mota muna gyangyaɗi. Tafiyar yini ɗaya ce. Maigida ya ce, "Maman yara, gobe ki shirya, zan nuna miki wani abu." Za ta tambaya ko wani ne ba shi da lafiya, domin ba ta saba a fita da ita ba sai da dalili mai nauyi. Wannan tambayar kaɗai ta isa ta nuna mana inda muke.

Mun san kuɗin mota ya yi tsada, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a 2023. Amma Yusufu da Maryamu ma talakawa ne, hadayar matalauta suka miƙa a Haikali, kuma duk da haka Luka ya gaya mana kowace shekara sukan tafi Urushalima Idin Ƙetarewa, tafiyar kwanaki da ƙafa daga Nazarat. Ba su kaɗai suke tafiya ba, cikin ayarin dangi da idon sani suke, shi ya sa har suka yi tafiyar yini guda suna zaton yaron yana cikin jama'a. Iyalai 3 ko 4 za su iya yin adashi su ɗauki mota ɗaya zuwa Dutse kallon hawan Sallah, ko zuwa Kano su yi Misa a babban cocin Uwargidanmu ta Fatima, su ga Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Wanda bai iya wannan ba, ya ɗauki matarsa a babur zuwa gidan iyayenta, ya zauna ya ci tuwon surukai, kada ya sauke ta a ƙofa ya juya.

Sai dai a zaɓi lokaci. Ba mu manta da watan Agusta na 2021 ba, lokacin da ruwa ya karya gada a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta faɗa ciki, mutane fiye da 20 suka rasa rayukansu. Allah ya ba su hutawa ta har abada. Tafiyar nishaɗi ta rani ce, da rana, kuma idan direba yana gudun da ya wuce kima, a buɗe baki a yi magana.

Ga masu ci-rani kuma muna da magana ta musamman. Dokar Ikkilisiya ta ce zama tare hakki ne kuma wajibi ne a kan ma'aurata, sai in da dalili na halal. Neman abinci dalili ne, amma ba lasisin mantuwa ba ne. Kafin ka tafi, ku zauna ku biyu ku ƙidaya abin da ke rumbu, ku yanke ranar dawowa. Yanzu akwai wayar hannu a kusan kowane gida; kada ta zama ta tambayar yara da awaki kawai, ka tambaye ta ita kanta yadda ta kwana, ka ba ta labarin garin da kake, abin da ka ci da abin da ya ba ka mamaki. In hali ya yi, shekara ɗaya cikin shekaru ta zo ta ga ɗakin da kake kwana. Mutumin da matarsa ta san ƙofar ɗakinsa a birni, da wuya ya ajiye wata a ciki. Ke kuma uwargida, idan ya dawo kada jerin bashi ya zama gaisuwarki ta farko. Bari ya sha ruwa, ya buɗe jaka, ya ba da labari, lissafi ya biyo baya.

Ambato na ƙarshe da aka yi wa Akila da matarsa yana cikin wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti. Bulus yana ɗaure a Roma, abokai da dama sun watse sun bar shi, yana roƙo a kawo masa mayafinsa kafin sanyi ya shigo. A cikin 'yan mutanen da ya tuna ya aika wa gaisuwa akwai maɗinkan tantin nan biyu, waɗanda ga alama sun sake ɗaure kaya sun koma Afisa.