Amanar Ma'aikacin Kwamfuta da Iyakar Abin da Ƙungiyar Sana'a Ke Iya Tsarewa

Ƙungiyoyin ma'aikatan kwamfuta da fasahar sadarwa, manyansu da ƙananansu, kusan ayyuka iri ɗaya suke yi. Suna shirya tarukan ƙara wa juna sani, suna horar da sababbin shiga, suna ba da shaidar ƙwarewa, suna rubuta ƙa'idojin aiki, suna sasanta mamba da wanda ya ba shi aiki idan saɓani ya taso, sannan suna magana da hukuma da murya ɗaya. A Najeriya babbarsu ita ce ƙungiyar masana kwamfuta ta ƙasa, wato NCS, wadda asalinta ke komawa shekarar 1978, ta ɗauki sunanta na yanzu a 2002, kuma tana da rassa a jihohi. Kusa da ita akwai majalisar CPN, wadda dokar soja mai lamba 49 ta shekarar 1993 ta kafa domin yi wa masu sana'ar rajista da sa ido a kan aikinsu. A ƙasa da waɗannan kuma akwai haɗin kan 'yan kasuwa da masu gyara a wurare irin su Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja, inda masu sana'ar ke da shugabanninsu. Duk waɗannan ayyuka sun ginu a kan tambaya ɗaya ta addini da falsafa: shin taron abokan sana'a na iya sa mutum ya riƙe amana a wurin da babu mai ganinsa?

Tambayar ta fi nauyi a wannan sana'a saboda irin abin da ake danƙa wa mai yin ta. Wanda ya kai wayarsa gyara yakan miƙa ta tare da lambar buɗe ta, a cikinta kuwa akwai hotunan iyalinsa, saƙonninsa da hanyar shiga asusunsa na banki. Mai kula da rumbun bayanai na asibiti yana iya ganin cutar da mai ita ya ɓoye wa danginsa. Tun da aka ƙaddamar da lambar BVN a 2014, aka kuma wajabta haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, zanen yatsu da hotuna da adireshin miliyoyin mutane sun koma cikin na'urorin da mutane ƙalilan ke riƙe da makullinsu. Mai bayanan bai san waɗannan mutane ba, kuma ba shi da ilimin da zai bincika aikinsu. Ya dogara ne kawai.

Tsarin shugabancin sana'a tsoho ne a ƙasar Hausa. Maƙera na da Sarkin Maƙera, mahauta na da Sarkin Pawa, wanzamai na da Sarkin Aska, magina na da Sarkin Magina. Waɗannan sarautu suna tsakanin masu sana'a da fada: suna isar da umarni, suna tara haraji a da, suna sauraron ƙara a kan wanda ya ɓata aiki. Wanzami shi ya fi kusa da ma'aikacin kwamfuta a nan, domin yana shiga cikin gida ranar suna da ranar kaciya da lokacin ƙaho, yana ganin abin da baƙo ba ya gani. Abin da ke riƙe bakinsa shi ne sunan gidansu, tunda sana'ar gado ce, kuma wanzamin da aka san shi da surutu ya ɓata wa 'ya'yansa kasuwa. Sana'ar kwamfuta ba ta da wannan gado. Yaro na iya koyon ta cikin shekara biyu a shagon wani, ya buɗe nasa a wata unguwa inda ba a san ubansa ba. Ƙungiyar zamani tana ƙoƙarin cike gurbin da sunan gida ya bari.

Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake karantawa a zaurukan malaman wannan yanki, ya daɗe da duba matsalar kayan mutane a hannun masu sana'a. Asalin hukuncin ajiya shi ne wanda aka bai wa ba ya biya idan ta salwanta, sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Amma Imam Malik da mabiyansa sun ware masu sana'ar da suka buɗe aiki ga jama'a, kamar maɗinki da marini da maƙerin zinariya: idan suka karɓi kaya suka tafi da shi inda mai shi ba ya gani, to su ne da lamuni, sai in an samu shaidar cewa kayan ya halaka ba da laifinsu ba. Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya kawo wannan hukunci a Risala. Hujjar malamai ita ce maslahar jama'a: mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu, kuma da za a gaskata kowane mai sana'a da zarar ya ce kaya ya ɓata, da dukiyoyi sun salwanta. Ma'anar hukuncin ita ce rashin ganin mai kaya yana ƙara wa mai sana'a nauyi.

Wannan hukunci ya dace da wayar da ta ɓata a shagon mai gyara. Amma akwai ɓarnar da bai hango ba. Zanen da marini ya sace ya bar hannun mai shi, saboda haka za a nemi bayani. Hoton da aka kwafa daga waya kuwa yana nan inda yake, wayar ta dawo lafiya, mai ita ya biya kuɗi har da godiya. Babu abin da ya ragu da za a yi ƙara a kansa, sai ranar da hoton ya bayyana a wani wuri, watakila bayan shekara, lokacin da ba za a iya gane ta inda ya fita ba. A nan maganar ta tashi daga babin lamunin dukiya ta koma babin haramcin leƙen asirin mutane, wanda aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana, da umarnin mayar da amana ga masu ita a aya ta 58 ta Suratun Nisa'i. Buɗe abin da aikin bai buƙaci a buɗe ba cin amana ne ko da ba a kwafa ba, ko da ba a faɗa wa kowa ba.

Masana falsafar Girka ma sun tsaya a kan wannan gaɓa. A littafinsa na Jamhuriya, Aflaton ya kawo labarin makiyayin da ya tsinci zoben da ke ɓoye mai sanye da shi daga idon mutane, aka yi tambaya ko akwai wanda zai ci gaba da adalci idan ya tabbata ba za a gan shi ba. Ma'aikacin da ke da ikon shiga kowane asusu a ma'aikatarsa, har ya iya share alamar shigarsa, yana cikin wannan hali a zahiri. Amsar addini ita ce babu wurin da ba a gani, kuma matakin ihsani da hadisin Jibrilu ya bayyana shi ne mutum ya yi aiki yana sane da cewa Allah na ganinsa. Wannan abu ne na zuciya. Babu takardar rajista da ke saka shi, babu jarrabawar da ke auna shi.

To mene ne amfanin ƙungiya? Na farko, tana koyar da iyaka. Mutane da yawa suna ƙetare ta ne saboda ba wanda ya taɓa nuna musu inda take. Yaron shago da ya ga maigidansa na duba hotunan mutane suna dariya zai ɗauka haka sana'ar take. Ƙa'idojin da ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM a Amurka, wadda aka kafa a 1947, ta sabunta a 2018 sun fayyace abubuwa irin su girmama sirri, guje wa cutarwa, da shiga na'ura kawai inda aka ba da izini. Ƙungiyar unguwa na iya mayar da irin wannan ya zama al'ada ta yau da kullum: a gwada waya a gaban mai ita, a shawarce shi ya cire katin ajiya, a rubuta abin da aka karɓa. Na biyu, aikin da jama'a ba sa iya tantancewa abokan sana'a suna iyawa. Injiniya ne ke gane inda wani injiniya ya bar ƙofa a buɗe da gangan, kamar yadda malaman hisba na da, irin su Almawardi, suka tattauna sa ido a kan masu sana'a ta fuskar amana da ingancin aiki.

Amfani na uku ya shafi ma'aikacin kirki da aka matsa wa. Sau da yawa ɓarnar daga sama ake umartar ta. A watan Satumba na 2015 aka gano cewa kamfanin Volkswagen ya saka wa motoci kusan miliyan 11 manhajar da ke gane lokacin gwajin hayaƙi ta rage shi, a kan titi kuma ta sake. Injiniyoyi ne suka rubuta ta. A 2017 wata kotu a Amurka ta yanke wa ɗaya daga cikin injiniyoyin kamfanin, James Liang, ɗaurin wata 40, duk da cewa ba shi ne shugaba ba. Shari'ar Musulunci ma ba ta karɓar umarnin na sama a matsayin uzurin saɓo. Amma ƙin umarni yana da tsada ga mai iyali da albashi ɗaya. Idan akwai ƙungiyar da ta rubuta cewa mambanta ba ya yin kaza, wadda za ta tsaya masa idan an kore shi, ƙin ya zo da sauƙi.

Akwai suka mai ƙarfi a kan ƙungiyoyin sana'a. Adam Smith ya lura tun 1776 cewa taron masu sana'a ɗaya yakan ƙare da ƙulla yadda za a ɗaga farashi a kan jama'a. Ƙungiya na iya zama shingen hana sababbi shiga, ta mayar da rajista hanyar karɓar kuɗi, ko ta rufa wa mai laifi asiri don kada sunan sana'a ya ɓaci. Wannan na ƙarshe ya fi haɗari a inda zumunci da kunya ke da ƙarfi, domin hukunta abokin cin tuwo ba abu ne mai sauƙi ba. Suturta Musulmi abin so ne a laifin da ya tsaya a kansa, amma ba ta shafi wanda ke ci gaba da cutar da masu kawo masa aiki ba. Haka kuma manyan ƙungiyoyi sun fi tattara masu digiri, alhali yawancin wayoyin talakawa a hannun masu gyaran bakin titi suke wucewa, waɗanda ba su taɓa halartar babban taro ba.

Akwai kuma inda riƙe sirri ke karo da wani wajibi. Mai gyaran da aikinsa ya kai idonsa, ba tare da bincike ba, ga shaidar shirin garkuwa da mutane ko cin zarafin yara ba ya cikin halin wanda ya ga rigimar miji da mata. Ƙa'idar malamai ta ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu ta sa kare rai ya rinjayi sirri, da sharaɗin a kai maganar ga hukumar da ta dace, a tsaya a gwargwadon buƙata. Yaɗa ta a Facebook ba ya cikin wannan izini. Irin waɗannan shari'o'i ne ƙungiya ta fi cancanta ta tattauna tun kafin su faru, tare da malamai da lauyoyi, musamman yanzu da dokar kare bayanai ta Najeriya ta watan Yuni 2023 ta ɗora wa masu sarrafa bayanan jama'a nauyi a rubuce.

Imam Gazali ya lissafa sana'o'in da rayuwar al'umma ba ta tsayuwa sai da su, kamar likitanci da lissafi da saƙa, cikin farillan da idan wasu suka yi an ɗauke wa saura. Aikin kwamfuta ya shiga wannan sahu, tunda albashi da magani da ciniki duk ta cikinsa suke bi. Ƙungiyar sana'a ba ta ƙirƙirar tsoron Allah a zuciyar mambanta, amma tana iya koya masa iyaka, ta tsaya masa idan ya ƙi ɓarna, ta kuma raba shi da sana'ar idan ya ci amana. Wadda ke yin tarurruka da raba takardu amma ba ta iya hukunta nata, kariya ce ga mambobinta kawai, kuma jama'a ba su da dalilin dogaro da shaidarta.